Jelar da Na Liƙa wa Sunanta

Ƙurt, ƙurt, ƙurt. Haka na ji daga bayan katanga, da hantsi, ina tsugune ina wanke ƙoren da muka sha kunu. Ba daka ba ne, ba surfe ba ne, na san muryar waɗannan tun ina goye. Wannan ƙarfe ne yake cin itace a hankali. Na taka tubalin da ke gindin katanga na leƙa. Maƙwabciyata ce ta kwantar da turminta a ƙasa, ta durƙusa, ta zura hannu ciki har kafaɗa da guntun gizago, tana kankare cikinsa. Turmin da na ara jiya, na mayar mata da la'asar.

Ba zan rubuta sunanta ba. Abin da na yi wa sunan nan ya isa. Yaya nake ce mata, don ta ba ni shekaru goma ko fiye, kuma Yaya zan ce mata a nan.

Lokacin shekarata biyu da aure. Daga Gummi aka kawo ni wani ƙauye a ƙasar Anka, ba nisa da Abare, kuma ɗiyata ta fari tana rarrafe. Shekarun ne da zinari ya buɗe wa mutanenmu. Maza su wuni a rami, su dawo da buhunan dutse a bayan babur, a zube a tsakar gida. Mata mu farfasa, mu daka a turmi, a kai inji, a dawo da garin a shanya kamar ana shanya tsaki. Ƙurar kuwa ba inda ba ta zuwa. Tana kan tabarma, tana kan faifan da aka rufe randa, tana cikin kitson yara. Ba wanda ya damu. Ana ganin gidajen da suke da jinka sun koma kwano, wa zai tsaya kallon ƙura?

Yaya kaɗai ta tsaya. 'Yar Nasarawa Burkullu ce, uwarta Bafulatana, ba ta taɓa zama a aji ba sai na allo. Ta ce wa mijinta dutsen nan ba zai ƙetare zaurenta ba. Aka yi rigima, aka yi sasanci, a ƙarshe shi ya riƙa kai nasa gidan ƙanensa. In ya dawo daga rami, a zaure yake tuɓe riga, ta miƙa masa ruwa ya wanke har gwiwar hannu kafin ya taɓa mata yaro. Ba ta shara sai ta yayyafa ruwa. Duk dalilinta agwagi ne. Tana da garken agwagi, suka sha ruwan da ya gangaro daga inda ake wanke garin dutse, cikin mako biyu ba ta da ko ɗaya. Na taɓa tambayarta, ina dariya, ko makokin agwagwa ne har yanzu ba a gama ba. Ta ce, “Abin da ya kashe agwagwa, ina ruwanai da ko agwagwa ce ko ɗiyan mutum? Shi dai ciki ya samu ya shiga.”

Ranar da na ari turmin, namu ya tsage saboda dutse. Na leƙa na ce ta ara mini in yi surfe. Ta mirgino shi har bakin ƙofa da kanta, ta ce, “Gero kaɗai hwa, ƙanwata.” Na ce to. Na yi surfena na gama. Sai ga wani ɗan dutsen rami da ya rage a kwano, maigida ya ce yana son a haɗa a kai inji kafin la'asar. Na dubi kwanon, na dubi turmin. Na ce a raina ai ruwa na wanke komai. Na daka, na ɗauraye sau biyu, na goge da tsumma, na mayar har da godiya.

Shi ne na wayi gari da wannan ƙurt, ƙurt.

“Yaya, lahiya? Turmi ya yi laihi?”

Ba ta ɗago ba. “Turmi bai yi laihi ba. Mi kika daka cikinai jiya?”

“Gero mana.”

Sai ta zaro hannunta, ta buɗe mini tafin. Ɓawon itace ne da ta kankaro, an ga toka-toka ta kama shi, da ɗan ƙyalli-ƙyalli a jiki. Ta ce, “Geron ga naku da nauyi shike.” Ta koma kan aikinta.

Na sauko daga kan tubalin fuskata na zafi. A wajenmu aron turmi zumunci ne. In an mayar miki, ko kina son ki wanke, kya bari sai mai aro ta ba da baya, kuma ki yi a shiru. Kankarewa kuwa, yadda duk mai kunne zai ji, kamar an ce hannunki najasa ne. Wannan na riƙe. Ƙaryar da na yi kuwa na ajiye ta gefe, ban ko dube ta ba. Da azahar Yaya ta miƙo mini ƙwaryar fura ta saman katanga kamar kullum, da nono mai kyau na dangin uwarta. Na karɓa, na sha, ban huce ba.

Dole in koma baya kaɗan, don a gane inda na samo makamin.

Na yi sakandare a Gummi har na gama, kuma a ƙauyen nan ni kaɗai ce macen da ta gama. Ina ji da wannan fiye da yadda nake bari a gani. Muna aji biyar aka turo mana wata 'yar bautar ƙasa tana koya mana Turanci. Wata rana ta rubuta wata doguwar kalma a allo, ta ja layi ta raba ta biyu. Ta ce rabin farko sunan mutum ne, sunan gidansu da suke gada daga kaka. Marubuci ne, ya mutu tun tuni. Rabi na biyu jela ce kawai Turawa suka liƙa masa, sai sunan ya tashi daga suna ya koma sifa. Mutumin ya ƙare rayuwarsa yana rubuta talauci da ƙazantar unguwannin birninsu, don a ji kunya a gyara. To yanzu duk inda Bature ya ga lungu mai duhu da wari da yara masu yunwa, sai ya kira shi da sunan mutumin nan. Ta ce, da Hausarta mai gargada, wai shi ya yaƙi abin, sai aka ba abin sunansa, kuma yawancin masu faɗi ba su taɓa buɗe littafinsa ba. Sunan marubucin ya kwanta mini yanzu. Abin da bai kwanta ba shi ne na ɗaga hannu na ce ai mu ma muna da irin jelar, ita ce ta Sakkwatanci da Kananci da shashanci irin na yara. Ta sa aji suka tafa mini. Na daɗe ina jin daɗin tafin nan.

Kwana uku bayan kankarar turmi aka yi suna a gidan liman. Mata mun cika tsakar gida, taɓare na tashi suna sauka, ana ta shewa. Yaya ta zo da wuri, ta yi aikinta, ta shiga ɗaki sallar azahar. Aka miƙa wa wata amarya moɗar ruwa, sai ta busa saman ruwan, ta goge bakin moɗar da gefen zanenta kafin ta kai baki. Ban shirya ba, Allah shaida, amma kuma ba zan ce bakina ne ya kuɓuce ba, don kwana uku ina dafa abin a cikina. Na ce, “Ke amarya, sha ruwa ki ba mutane, ki daina mana…” sai na kama sunan Yaya na liƙa masa jelar nan.

Sai gida ya ɗauka da dariya. Masu daka suka jingina taɓare suna riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ce, “Maimaita, 'yar boko, maimaita in riƙe!” Na maimaita. Ana cikin haka Yaya ta fito, carbi a hannu, tana gyara kallabi. Ta ce, “Mi anka samu haka? Ku ba ni nawa.” Aka ƙara fashewa. Ita ma ta yi murmushi, tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, tana jiran a gaya mata. Wannan murmushin ne ba ya barina.

Kafin mako ya zagayo kalmar ta gama unguwa. Duk wanda ya cika tsirfa, ko ƙyanƙyami, ko tsabtar da ake ganin ta wuce wuri, ita ake jefa masa. Yarinya ta ƙi cin tuwon da ƙuda ya sauka a kai, uwarta ta ce ta daina. Maza suka ɗauka suka kai rami. Na ji maigidana da kansa yana ba da labarin wani baƙon mai haƙa da yake ɗaure hanci da ƙyalle, wai duk ramin an sa masa kalmar. Ya faɗe ta yana dariya, bai san a ɗakinsa aka haife ta ba. Ban gaya masa ba. A lokacin ba kunya ta hana ni ba, wani irin daɗi ne na in ji abina yana yawo da ƙafarsa.

Ban san ranar da ta kai kunnen Yaya ba. Na dai san ranar da na ga abin da ta yi mata. Mun je awon yara a ɗakin shan magani, mata zaune a kan benci da ƙasa, ma'aikacin yana ɗaga kati yana kiran suna. Ya kira nata. Suna ne mai kyau, na matan kirki na farkon Musulunci, akwai masu shi a kowane gari. Amma yana faɗa, sai wata ta ƙarasa masa jelar daga baya, ƙasa-ƙasa. Dariya ta bi layi. Ya sake kira. Yaya tana zaune kusa da ni, ɗanta a cinya, ba ta motsa ba. Sai da ya kira na uku ta miƙe. Ta ce masa, a hankali, “Malam, in ka sake, ka kira sunan yaron. Shi na kawo.”

Daga ranar ta daina amsa sunanta. Tsofaffin da suke da ikon kiranta da shi ma ta roƙe su su riƙa ce mata innar wane, da sunan ɗanta. Ta rage zuwa taro. Amma ba ta rage yayyafa ruwa ba, ba ta bar dutse ya ƙetare zaurenta ba, kuma ba ta fasa miƙo mini fura ta saman katanga ba.

Da zafi ya shigo yara suka fara. Amai, sai zazzaɓi, sai jijjiga. Aka ce iska ce, aka ce sanƙarau, aka yi rubutu, aka yi turare. Ba zan ƙirga gidajen da aka yi zaman makoki ba. Na san su ɗaya-ɗaya, kuma ba nawa ba ne in faɗa. Wata safiya ina tankaɗe, na juya na ga ɗiyata ta sandare a kan tabarma, idonta ya juye. Ihun da na yi, Yaya ta fara ji. Ban san yadda ta zagayo ba, na dai gan ta ta sunkuce yarinyar, ta juya ta gefe, tana karanta abin da ya zo bakinta. Ita ta goya ta a kan babur har asibiti, ni ina wani babur a baya. Da aka sallame mu ta ce yarinyar ba za ta koma tsakar gidanmu ba. Wata biyu ɗiyata tana wuni a gidanta, tana cin tuwon da aka daka a turmin nan da aka kankare. Ta rayu, alhamdu lillahi. Har yau karatu na yi mata nauyi, kuma in za a aike ta sai an faɗa sau biyu.

Daga baya likitoci suka zo daga nesa, suka ɗebi jinin yara, suka ce gubar dalma ce, a cikin dutsen take, ƙurar ce ke shiga cikin yaro ta hannu da baki. Ina tsaye a bayan mata aka yi bayanin. Dalma. Na san ta. Mun yi ta a darasin kimiyya, na rubuta a littafina da jan biro cewa guba ce, na ci jarrabawa a kanta. Ni da na ci jarrabawa na daka ta a turmin abinci, wadda ta yi karatunta a wajen agwagi kuwa na mayar da ita abin dariya.

Sannan aka zo kwashe ƙasa. Gida-gida ake bi. A fitar da kaya, a ɗora wata na'ura a ƙasa a duba, sai maza su shigo da shebur da baro su kankare saman tsakar gida, a kwashe a kai bayan gari a binne, a kawo sabuwar ƙasa a zuba. Ranar da aka zo namu ina zaune a ƙofar ɗaki da kaya a ɗaure. Shebur ya fara cin ƙasa. Ƙurt, ƙurt, ƙurt. Na rufe fuska da mayafi. Matar ƙanen maigida ta ɗauka ƙura nake gudu. A gidan Yaya kuwa ba su daɗe ba. Ɗan abin da iska ta kai mata suka share, shugabansu ya tsaya yana tambaya ko wace ce mai gidan nan.

Na ɗauka shi ke nan, kalmar za ta mutu da kanta, tunda duk gari ya ga wanda ya yi gaskiya. Ashe ban fahimci darasin malamarmu ba, tafin kawai na fahimta. Kalma in ta tashi ba ta waiwayen inda ta fito. Ana tsakiyar koya mana wanke hannun yara da shara da ruwa, wata ta matso kunnena ta ce yau har gwamnati ta shiga abin nan, ta ƙarasa da kalmar, muka ji ana ƙyaƙyatawa a baya. Matan nan fa da yawansu sun binne ɗiya. Ba mugunta suke ba. Kalmar ce ta riga ta zauna a baki, ba sa ma jin sunan mutum a cikinta.

Masu haƙa baƙi suka tafi da ita garuruwansu. Da na je ganin gida Gummi, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta gan ni ina wanke wa yarinya hannu kafin ta ci ƙosai, ta jefe ni da ita. Na ce, “Ke, ina kika samo wannan?” Ta ce, “Kowa na faɗi. Ina jin Fulatanci ne.” Wata 'yar Adabka da muka haɗu a mota ta rantse mini sunan wata aljana ce mai ƙin ƙazanta, wai kakarta ma ta san ta. A ƙauyenmu kuwa wata mai bakin tsiya ta riƙa cewa ita ta ƙago ta a wajen biki. Matan da suke gidan liman ran nan, wasu sun mance, wasu sun yarda da ita. Na bar mata. Na ji sanyi da ta ɗauke mini, Allah Ya yafe mini wannan ma.

Sau ɗaya na yi niyyar faɗa wa Yaya. Na yi alwala, na yi nafila, na zagaya gidanta da hantsi. Na same ta tana tsince wake a faifai. Muka gaisa, na zauna, na sa hannu ina taya ta. Na ce, “Yaya, maganar ga da mutane ke yi da sunanki.”

“Uhm.”

“Ranar da anka fara ta, ina wurin. Na san…”

Ta ɗora hannunta a kan nawa cikin waken. Hannun da sanyi, da kaushi. Ta ce, “Ƙanwata, kada ki hwaɗa min.”

“Yaya, ya kamata ki sani.”

“In na sani in yi mi da shi? Garin ga ƙarami ne. Ko wace ce, gobe sai mun haɗu bakin rijiya, sai na gaishe ta. Yanzu ina gaishe da kowa da zuciya ɗaya. Kina so ki sa gaisuwa ta yi min nauyi?” Ta ɗauke hannun, ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, ba ta dube ni ba, “Abin da ke ci na ɗaya ne. Sunan ga, babana ya zaɓa, na innarshi ne. Ya ba ni shi da tsabta. Ban san yadda zan mai da mishi ba.”

Har yau ban san ko ta sani ba. Wani lokaci in ce ta sani, ta rufa mini asiri ne. Wani lokaci in ce ba ta sani ba, kuma wannan ya fi ciwo. Abin da na sani shi ne ta buɗe mini ƙofar gudu, ni kuma na bi da sauri. Na ce to, Yaya. Na gama tsince waken. Har ta ɗebo mini kuka a leda na tafi da ita.

Da zaman ƙauye ya yi wuya kowa ya nemi inda zai sa kansa. Mu muka dawo cikin Anka. Su suka koma wajen danginta a ƙasar Bukkuyum. Muna waya jefi-jefi, in an samu sabis. Kullum sai ta tambayi babbar ɗiyata, ta ce ko ana wanke mata hannu. Ina da ciki wata bakwai babban ɗanta ya kira ya ce Allah Ya yi mata rasuwa, ciwon kwana huɗu. Hanya ba ta biyuwa lokacin, ko gaisuwa ban samu zuwa ba.

Da na haihu mace, na roƙi maigida abu ɗaya, na ce a sa mata sunan Yaya. Ya dube ni ya ce, “Kin tabbata? Kin san abin da mutane sunka mai da sunan ga.” Na ce shi ya sa. Na ce matar nan ta goya mana ɗiya zuwa asibiti, ba mu da abin da za mu saka mata da shi. Ya ce gaskiya ne, ya yi huɗuba da shi. A raina ina ganin na biya. Ina ganin zan ɗauki sunan in wanke shi, in rene shi a gidana, in mayar wa babanta da tsabta. Ban tsaya na yi tunanin wa zai ɗauki nauyin wankin ba.

A gida ba mu jin komai, don ba a kiran sunan. Yadda ba na iya kiran mai shi da shi, haka ban iya kiran takwararta, sai muke ce mata Yaya ƙarama, har babanta. Ta tashi da jin labarin matar da aka sa mata sunanta: mai tsabta, mai haƙuri, wadda ta gane guba kafin likita, wadda ta ceci yayarta. Duk na ba ta. Turmin ne kawai da gidan liman na cire.

Makaranta kuwa ba ta san Yaya ƙarama ba. Sunan yanka ake rubutawa, shi ake kira kowace safiya. A firamare takan dawo wani lokaci fuska a kumbure, in tambaya ta ce ba komai. Na san ko mene ne. Nakan ƙara mata nama a miya, in ce ta rabu da su. Ga ta kuma, ikon Allah, ta ɗauko halin. Ba ta cin abu sai ta wanke hannu, ba ta shan ruwa a kofin da ba ta ɗauraye ba. Ni na koya mata, tsoron dalma bai sake ni ba. Sai ya zama ga suna ga hali, yara sun samu abin yi.

Bana ta shiga sakandare. Ranar wata Laraba ta dawo da azahar, ina gindin duron ruwa ina wanke turmi. Ba ta cire hijabin makaranta ba, ta zo ta tsuguna a gabana, jaka a baya. Ta ce yau malamin Turanci ya koya musu wani abu. Wai Turawa suna ɗaukar sunan marubuci su liƙa masa jela ya zama kalma. Hannuna ya tsaya a cikin turmin.

Ta ce da ya tambaya ko akwai irin haka a Hausa, sai duk aji suka juyo suna nuna ta, suna cewa ga tamu nan zaune. Malamin baƙo ne, bai san kalmar ba, sai da aka yi masa bayani. Ya tsawatar musu. Ya ce kowace kalma tana da ranar da aka fara faɗinta da bakin da ya fara, kuma aikin gida shi ne kowa ya je ya tambayi manya asalin wannan.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na rungume ta na ɓoye fuskata a hijabinta. Ta dai zuba mini ido, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannuna.

Ta ce, “Inna, ke kin zauna garin, katangarku ɗaya da ita. Kin san wanda ya fara? Ba abin da zan yi mishi, wallahi. So nike kawai in tambaye shi mi ta yi mishi.”